Kwamfutar da Kyanwarmu Ta Ƙaunata

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na tsufa haƙorana sun zube, da ranar da kare ya zo ya zauna a gaban kayana a filin jirgin Kano. Har yanzu in na ji haushin kare daga nesa sai in waiga in duba jakata. Amma bari in faro muku daga tushe, don ku san cewa da ƙafata na je na sayo wa kaina wannan abin kunya, har da neman ragi.

A layinmu na Tudun Wadar Zariya, Injiniya ake ce mini. Dalili kuwa shi ne na ci darasin kwamfuta a jarrabawar gama sakandare, kuma ni ce mai buɗe wa tsofaffin layi saƙon murya in ya maƙale a waya. (Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, kwamfutar makarantarmu tana ofishin shugaba a lulluɓe da zani. Mu a allo aka zana mana ita da alli, muka kwafa a littafi.) Sunan ya yi mini daɗi, na karɓa na yi shiru.

To, Gwaggo Rabi, ƙanwar babana, 'yar kasuwa ce. Leshi da atamfa da takalma take sarowa daga Legas ta raba wa masu shaguna. Yarinyar da ke raka ta ta yi aure, sai ta zo gidanmu wata Talata ta ce mini, "Injiniya, na gaji da neman hoton kaya a waya ina lalube kamar makauniya. Ki je ki sayo mana laftof, irin kwamfutar nan da ake ratayawa. In kin iya riƙe ta, ke ce 'yar rakiyata, da albashinki. Jibi za mu hau jirgi."

Jirgi! Ni da ban taɓa wuce Kaduna ba, ita ma Kadunar gaisuwar mutuwa ce ta kai ni.

Sharuɗɗanta uku ne. Kada ta yi nauyi, don kafaɗa ba ta jaki ba ce. Kada ta yi tsada, don kuɗi ba a bishiya ake tsinko su ba. Sannan batirinta ya iya jure tafiya. Ta ƙirgo kuɗi ta danƙa mini ta tafi.

Kafin in fita Umma ta zaunar da ni ta ba ni karatun ciniki, irin wanda ta gada daga tata uwar. "Kome aka nuna miki, ki kushe. Kada ki yarda fuskarki ta nuna kina so. Kuma ki sani, abin da ɗan kasuwa ya baza a kan tebur na baƙi ne. Mai kyaun yana ƙasa, ya ɓoye wa nasa. In kika ji ya ce wannan ba na sayarwa ba ne, to shi ne. Ki kafe a kansa." Da wannan dokar Umma ta sayi kowace atamfa da ke cikin akwatinta, kuma ba ta taɓa faɗuwa ba.

Na nufi wani ɗan shago a hanyar Kongo, na Malam Sadisu, mai gyara da sayar da kwamfutocin gwanjo. Na isa daidai an ta da sallar la'asar, ya tafi masallaci. Wanda ya bar wa jiran shagon maƙwabcinsa ne, Baba Ɗanjuma mai wankin hula, don karɓa-karɓa suke yi, in wannan ya dawo wancan ya tafi.

"Baba, ina wuni. Kwamfuta nake so mara nauyi."

"Lafiya lau, 'yar nan. Ga su nan, duba. Ni dai hula na sani."

Na shiga ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ina jinjinawa kamar mai zaɓen doya. Wannan ta yi nauyi. Wannan ta yi kauri. Wannan kalarta ta mutu. Wata baƙa da na gani ta kwanta mini sosai, amma na taɓe baki na ce, "Wannan ai ko kyauta." Ina cikin haka idona ya sauka ƙarƙashin tebur, can bayan wani kwali. Wani abu ne a naɗe cikin tawul, an lallaɓa shi kamar jariri.

Na janyo na buɗe. Kwamfuta ce ruwan azurfa, siririya, tana sheƙi. Na ɗaga ta, wallahi kamar na ɗaga faifai.

"A'a, 'yar nan," in ji Baba Ɗanjuma, "wannan kam ban taɓa ganin ya fito da ita ba. Ko matso wajen nan ba ya bari a yi. Ba na jin ta sayarwa ce."

Jama'a, da na ji wannan kalma sai na ƙara rungume ta. A raina na ce, Allah ya ja da ran Umma.

Ya ce in jira mai shago. Ni kuwa na san in mai shago ya dawo, ko ya hana ko ya tsuga kuɗi. Na ce sauri nake yi. Ya kira wayar mai shagon, sai ga ta tana ƙara a kan tebur kusa da mu. Na juya kamar zan tafi, na yi taku kaɗan ina addu'a a zuci, sai na ji, "Zo mana, 'yar nan, ba a haka." Bawan Allah so yake ya yi wa maƙwabcinsa ciniki kafin ya dawo. Ya faɗi kuɗi da ka, na raba biyu. Ya ce albarka. Na ce ai ga ƙarzuwa a gefe. Ya ce albarka. Na ce ai ko nauyin kirki ba ta da shi (ni da na zo neman mara nauyi). Muka yi ta ja har ya gaji ya ce, "Kawo, Allah ya sa mana albarka."

Shi ne ma, mai wankin hula, ya ce, "Ba za ki kunna ki gani ba?"

Na danna maɓalli. Shiru. Babu wuta a layin, shi kuma bai iya ta da janareta ba. Na gyara tsayuwa na ce, "Batirin ne ya sauka, haka suke yi."

"To, ke kika sani."

Na sa ya ba ni waya ta caji a matsayin gyara. Ina fita na ji wani ƙamshin yaji-yaji yana bina, na ce mai tsiren bakin titi ne ya fara hura wuta.

A gida an yi murna. Gwaggo Rabi ta ɗaga ta da yatsu biyu ta ce, "Kai! Ka ji abin tafiya." Da na miƙa mata canji mai kauri kuwa, sai ta dubi Umma ta ce, "Yaya, kin haifi 'yar kasuwa." Umma ta yi murmushin malamin da ɗalibinsa ya sauke. Kunnawa dai ba ta yiwu ba, don taransifomar unguwarmu ta ƙone tun kafin wannan makon. Gwaggo ta ce a kai shagon masu caji, na ce Allah ya kiyaye, ai can ne ake buɗe wa mutum na'ura a sauya masa kayan ciki. Sai a Legas, a masauki. (Ku riƙe maganar kayan cikin nan, za ta yi muku amfani.)

Akwai alamu, ban ce babu ba. Kyanwar gidanmu, wadda ba ta kula kowa, ta zo ta kwanta a kan kwamfutar ta ƙi tashi, tana lasar gefenta tana lumshe ido. Washegari na ga jerin kiyashi sun taso tun daga bakin ƙofa suna shiga ta ramin da ake soka waya. Na kaɗe su da mafici. Umma ta ce, "Ko dabba ta san abu mai kyau."

Ranar tafiya muka yi sammako zuwa Kano. Na sha sabon hijabi, jakar kwamfuta a kafaɗa, ina taku kamar wadda ta saba. A wajen bincike aka ce masu kwamfuta su ciro su sa a faranti. Na ciro tawa a hankali yadda kowa zai gani. Faranti ya shiga cikin na'ura. Ya fito. Aka mayar da shi. Ya sake fitowa. Jami'ar da ke kallon allo ta yafito wani, shi ma ya yafito wani jami'in, wanda ya ɗaga murya ya ce:

"Wannan ta wace ce?"

Na ɗaga hannu sama kamar a aji.

"Zo nan. Kunna ta."

"Ranka ya daɗe, batirin ne ya sauka."

Ya karɓi wayar cajin ya soka a bango. Muka tsaya. Ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Ya jinjina ta a hannu, ya dube ni, ya ce, "Malama, na'urarmu ba ta ga inji a cikin nan ba. Wasu abubuwa ta gani a shimfiɗe, a naɗe. Me kika sa a ciki?"

Kafin in haɗa amsa sai ga wani ya taho da kare. Ni da ko ɗan kwikwiyo na gani a lungu sai na canja hanya, ga wani ƙato kamar maraƙi. Ya shinshina jakunkunan mutane ya wuce, ya zo kan farantina ya zauna daram, ya kafe shi da ido, yawu na zuba.

Layi ya yi tsit. Wata Hajiya a bayana ta ce, "Innalillahi, yarinya ƙarama, da hijabinta." Gwaggo Rabi ta matso ta damƙi hannuna ta ce: "Ke, don girman Allah, wa ya ba ki saƙo?" Duk labaran da na taɓa ji na waɗanda aka kama da ƙwaya a filin jirgi suka taso mini a lokaci guda. Na ga kaina a gidan yari, na ga Umma tana kawo mini tuwo a kwano. Na buɗe baki in yi addu'ar neman tsari, wallahi wadda ta fito ita ce ta fara cin abinci. Na fashe da kuka na ce, "Gwaggo, ki ce wa Umma ta yafe mini, atamfofina a ba ƙanwata."

Aka kai mu gefe, amma gefen da kowa ke hangowa. Jami'in ya sa safar hannu ya kifa kwamfutar. Ashe ƙusoshin bayanta ma a kwance suke, yana taɓawa murfin ya ɗago. Babu inji. Babu batir. Babu komai sai wasu fala-falan abubuwa a naɗe cikin takarda mai maiƙo, an jera su tsaf. Ya warware ɗaya a hankali. Ya kai hanci. Ya yi atishawa.

"Kilishi ne," in ji shi.

Na ɗauka shirun farko shi ne shiru, ashe ban ji komai ba. Sai wani daga cikin layi ya tuntsire, daga nan wuri ya ɓarke. Hajiyar nan mai salati har da riƙe bango. Jami'in ya yi iya ƙoƙarinsa ya haɗe fuska, ya ce, "To Malama, me ya sa kika ɓoye? Ai ba a hana tafiya da kilishi ba."

"Ban san yana ciki ba, ranka ya daɗe. Saye na yi."

"Kin sayi kwamfuta ba ki kunna ba?"

Gwaggo ce ta amsa, a hankali, tana kallon silin: "Injiniya ce."

Kafin a gama gwaje-gwaje da tambayoyi jirginmu ya tashi. Muka kamo hanyar Zariya a motar haya. Gwaggo ko kallona ba ta yi ba tun daga Kano. Kilishin dai ta buɗe tana ci, ko tayi babu, ni kuma ina ta haɗiyar hawaye, na san aiki ya tafi, jirgi ya tafi.

Ba mu biya gida ba, kai tsaye shagon ta sa aka sauke mu. Malam Sadisu na ganin kwamfutar a hannuna ya miƙe tsaye. "Alhamdu lillahi! Baiwar Allah, tun shekaranjiya nake cigiyarki, kuɗinki na nan ban taɓa ba. Wannan ai gawa ce, na daɗe da kwashe kayan cikinta na gyara wasu." Sai ya rage murya. "Kilishin fa?"

Gwaggo ta miƙa masa takardar, babu komai sai maiƙo. "Kai kuma me ya kai ka ajiye nama a cikin kwamfuta?"

Ya sosa ƙeya. "Hajiya, duk inda na ajiye a shagon nan, in na je salla na dawo sai in tarar an yi masa gibi. Na sa a durowa, an ci. Na sa a bayan janareta, an ci. Shi ne na ce nan kam ba mai tunaninsa."

Baba Ɗanjuma, da ke tsaye a bakin ƙofa da hula a hannu yana saurare, sai ya buga cinya ya ce, "Ashe nan yake!"

Malam Sadisu ya juya ya dube shi. Baba ya dubi hular hannunsa, ya ce ya bar ruwa a wuta, ya fice.

A nan ne Gwaggo ta yi dariyar da ta riƙe tun daga Kano, har ta zauna a kan benci tana share ido. Da ta nutsu ta ce a fito da baƙar nan da na ce ko kyauta. Aka ta da janareta. Na kunna ta, na kashe, na sake kunnawa. Na sa aka zare waya muka zauna muna kallon batir kamar masu jiran wata. Na danna kowane maɓalli, na buɗe na rufe, na gwada ta a jaka. A ƙarshe, da na faki idon mutane, na kai hanci na shinshina. Ta fi waccan nauyi, kuma nauyin nan ya fi mini komai daɗi.

A hanyar gida na ce, "Gwaggo, na san kin fasa da ni."

Ta ce, "Wa ya gaya miki? Yarinyar da ta iya raba mutum da abin da ba na sayarwa ba, kuma ba nasa ba, a rabin kuɗi, ina da aiki da ita a kasuwar Legas. Amma ciniki kawai. Zaɓe nawa ne. Kuma a mota za mu, ba zan sake haɗa ido da karen nan ba."

Har yau Injiniya ake kirana a layi, sai dai yanzu in an faɗa akan ɗan juya baya. Umma kuwa ta ce dokarta ba ta yi ƙarya ba: mai kyaun ne ya ɓoye, Gwaggo shaida ce, ta ci.

Ni dai abin da na koya shi ne, in za ki sayi kwamfutar tafiya, ki nemi mara nauyi, amma kada rashin nauyin ya kai na faifai. Kada ki biya sai kin ga ta buɗe ido. In kuma kika kai ta gida kyanwa ta fi ki son ta, to ki bar jirgin ranar ya tafi abinsa.