Rasuwar Joyana, Motar da Aka Hana Ni Ganin Gawarta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu a ƙarƙashinsa wanda ya fi baƙin cikin zafi, ni Agafia Rotaru, matar marigayi Toader, mai kula da tsofaffi a ƙauyukan tudun Parma, nake sanar da 'yan'uwa mutanen Moldova, da duk wanda ya taɓa zama a kujerarta ta baya, rasuwar motata Joyana. An ce ta rasu wata Talata a farkon Oktoba, da ƙarfe tara na safe, a ƙofar kantin magani na garin Langhirano. Na ce "an ce" domin haka aka faɗa mini. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Marigayiyar fara ce, ƙarama, mai ƙofa huɗu. Ta ci sunan saniyata da na sayar na yi kuɗin hanya. Wata talatin da huɗu muka yi tare, saura wata biyu kacal ta zama tawa.

Ga yadda ta shigo hannuna, don waɗanda suka zo bayana su sani. Ina da shekara hamsin da takwas na sauka ƙasar nan. Aikin da na samu a kan tudu yake, gidan Sinyora Adalgisa, tsohuwa mai shekara tamanin da takwas, a ƙauyen da bas ke hawa sau biyu a rana in ta ga dama. 'Yarta ta ce in ba mota ba aiki. Na je banki. Na je wurin masu ba da hayar mota ta shekara uku, har wuri huɗu. Ko'ina sai a danna kwamfuta, a ɗago a dube ni da tausayi.

"Sinyora, ba ki da tarihi."

Na ce wa na ƙarshensu, wani mai siririn gemu, "Ɗan nan, na haifi uku, na binne miji, na tuƙa motar madara shekara ashirin da biyu a hanyar da akuya ke tsoro. Wane tarihi kake nema?"

Ya ce, "Ba ki taɓa cin bashi ba, Sinyora."

Wato a ƙasar nan, wadda ba ta taɓa cin bashi ba ita ce abar tsoro. Na yi aji huɗu ne kawai a makaranta, wataƙila shi ya sa har yau ban gane ba.

A ƙofar coci Genadi Bostan ya tare ni. Kun san shi, mai kamfanin motocin haya a bayan tashar jirgin ƙasa ta Parma, mai sarƙar zinare a kan rigar sanyi. Ni ma na san shi tun yana satar inabi a gonar surukata. Na san uwarsa, Allah ya jiƙanta, ita ba ta da laifi.

Ya ce, "Goggo Agafia, wa ya aike ki wurin waɗannan? Ga ɗanki a gari? Zan ɗauko miki mota da sunan kamfanina, ki riƙa ba ni duk wata. In shekara uku ta cika, mota taki ce, kuma sunanki ya shiga kwamfutarsu. Ko gida kike so a lokacin, da gudu za su ba ki."

Na sa hannu a takarda shafi huɗu da Italiyanci. Ya ce zai ajiye ta a ofis don kada ta ɓace mini. Tun daga nan, Lahadin farko ta kowane wata, bayan an fito daga addu'a, nake miƙa masa ambulan a kan matakalar coci, a gaban matan da ke tsaye. Rasit kuwa, duk lokacin da na tambaya sai ya dafa ƙirji ya ce, "Tsakanina da ke, Goggo?" Ban taɓa tsallake wata ba. Matan nan suna da ido.

Yanzu bari in faɗi halin marigayiya, domin ta cancanta. Ba ta taɓa yi mini gardama da safe ba. Komai sanyi, sai ta ce hrr, hrr, sau biyu, ta tashi. In ka danna makulli daga nesa, amsarta kwit-kwit ce, ta biyun ta ɗan shaƙe kamar zakaran da mura ta kama, kuma a cikin motoci ɗari zan gane ta. Ƙofar baya ta hagu ba ta rufuwa sai ka taimaka mata da ƙugu. Ta hau tudun nan cikin ƙanƙara ranar da motar likita ta kasa. Ta kai Sinyora Adalgisa asibiti sau ba adadi, tsohuwar na zaune a gaba da jakarta a cinya tana faɗa mini in rage gudu alhali keke na wuce mu. Ta ɗauki buhunan taliya da man zaitun da tsofaffin riguna zuwa filin da ƙananan bas ke lodin kaya zuwa gida Moldova. Mai kaɗan take sha. Ba ta taɓa kunyata ni a gaban mutane ba.

A makonta na farko na kai ta coci aka sa mata albarka kamar yadda ake yi. Fada ya buɗe ƙofofi huɗu da murfin inji, ya yayyafa ruwa mai tsarki da damin ɗoɗɗoya, na rataye damin a madubi. A ranar ne na lura da wani ɗan baƙin akwati a ƙarƙashin sitiyari, mai ƙyafta koren ido. Na tambayi Genadi.

Ya ce, "Maganin ɓarayi ne, Goggo."

Bai yi ƙarya ba. Ban dai tambaye shi wane gefe ɓarayin suke ba.

Game da rashin lafiyarta ta ƙarshe, ina sanar da jama'a cewa ba ta yi ba. Ni na san yadda inji ke mutuwa. Yakan yi tari, ya yi hayaƙi, ya yi zafi, ya yi ta ƙorafi mako guda kamar tsoho. Joyana ta sauko tudu lafiya lau a ranar. Na shiga karɓo maganin hawan jini na Sinyora, na fito, na murɗa makulli. Shiru. Fitilu na kamawa, hon na yi, inji ko motsi. Sai ɗan akwatin nan da idonsa ya koma ja, yana cewa tit, tit, tit.

Ban kira kowa ba. Wayata tana cikin jaka, jakar tana kujerar baya. Ina tsaye da murfin inji a buɗe, ko minti goma ba a yi ba, sai ga janwe, motar jan motoci, ta tsaya, Genadi na gaba kusa da direba, fuskarsa a shirye da jimami. Daga Parma zuwa Langhirano tafiyar rabin awa ce.

Na ce, "Wa ya gaya maka?"

Ya ce, "Jikina ne ya ba ni, Goggo."

Ya leƙa injin, bai taɓa komai ba, ya girgiza kai. Wai ruwa ne ya shiga. Wane ruwa? Wai wanda fada ya yayyafa. Na ce ruwan da ya yi wata talatin da huɗu yana tafiya kafin ya isa inji, a ƙafa ya taho? Ya ce ni ban san motocin zamani ba. Ya karɓi makulli, suka ja ta, ni kuwa na hau tudu da ƙafa, kilomita huɗu daga inda bas ta ajiye ni, da maganin tsohuwa a hannu.

Bayan kwana biyu na je ofishinsa in ga gawa. Ya miƙo mini leda, da lemata da hoton Uwar Yesu a ciki. Ya ce an riga an kai ta wurin masu matse tsofaffin motoci, ta zama dunƙulen ƙarfe. Ya ce yarjejeniya ta mutu tare da ita, in gode wa Allah ma bai nemi kuɗin inji ba. Ya ce in ina so, zai samo mini wata, mu fara daga farko.

A ƙauyenmu ba a rufe akwati sai kowa ya ga fuska. Ko wanda jirgi ya taka, sai an nuna wa iyalinsa hannu ko takalmi. Ni an ba ni lema.

Duk da haka na ce to, ai sunana ya shiga kwamfuta. Na sa rigata mai kyau na koma wurin mai siririn gemu. Ya danna, ya ɗago, ya dube ni da tausayin nan dai na shekara uku da suka wuce.

"Sinyora, ba ki da tarihi."

Ashe duk ambulan ɗin nan tarihin Genadi nake ginawa.

Marigayiya ta bar ni, da gwiwoyi biyu da suka kumbura. Ta bar Sinyora Adalgisa, wadda ta rasa ganin likita sau biyu, wadda 'yarta ta ba ni zuwa ƙarshen watan nan in samo mota ko ta samo wata mai mota. Ba na jin haushinta, uwarta ce. Ta bar tayoyin ƙanƙara huɗu da na saya da gumina, suna jingine a ɗakin ajiya. Ta bar Varvara, ƙawata, wadda da na ba ta labari ta zauna a kan matakala ta ce ita ma tata motar a wata na talatin da uku ta mutu, a ƙofar gidan burodi, Genadi ya ce man da mijinta ya zuba ne. Kuma ta bar makulli na biyu.

Wannan makullin ni kaina na manta da shi. Ran da aka ba ni mota na ɗinke shi cikin shafin babbar rigata ta sanyi, yadda uwata ke yi da duk abin da ba ta son ya ɓata. Lahadin da ta wuce sanyi ya sauko, na ɗauko rigar, na tafi filin lodi in aika wa jikokina kaya. Na sunkuya in ɗaga kwali, kwalin ya danne mini ƙugu.

Kwit-kwit.

Ban juya nan da nan ba. Na ajiye kwalin, na lalubi shafin rigar, na sake dannawa. Ta sake amsawa daga bayan wata bas, ta biyun a shaƙe.

An wanke ta, an sa wa kujeru sabuwar riga, an cire ɗoɗɗoyata. Ko lamba Genadi bai sauya ba, don can garin Modena ya kai ta haya, yana ganin tsofaffi ba sa yawo. Wata mata na tsaye kusa da ita da makulli a hannu, tana duba shi tana duba motar, ta rasa wa ya buɗe. Sunanta Zinaida, wata biyu ke nan da zuwanta ƙasar nan, tana kula da wani tsoho mai ciwon mantuwa a Modena, daga can ta tuƙo motar don ita ma ta aika kaya.

Na ce, "Ƙanwata, ƙofar baya ta hagu tana rufuwa?"

Ta ce, "Sai da ƙugu. Ke wace ce?"

Na ce, "Ya ce miki in shekara uku ta cika taki ce?"

Ta buɗe mini gaba na zauna, muka daɗe a ciki. Ɗan akwatin na nan, idonsa ya koma kore. Zinaida ta yi makaranta, malamar lissafi ce a gida, kuma ita ce ke rubuta wannan sanarwa ina faɗa mata. In kun ga magana mai laushi a ciki, tata ce.

To, tunda Genadi Bostan ya ce Joyana ta mutu, kuma shi babban mutum ne mai ofis, ba za mu ƙaryata shi ba. Za mu yi mata jana'iza.

Zinaida ta tuƙo gawar, tana kwance yanzu a farfajiyar coci, a bayan ƙofar ƙarfe, makullin ƙofar na wurin fada, wanda shi ma yana son jin yadda ruwansa ya kashe inji. Mai son ganin fuska ya zo, a buɗe take. Ranar Lahadi, bayan addu'a, da ƙarfe sha biyu na rana, za a ɗauke ta zuwa ƙofar ofishin da ke bayan tashar jirgi. In ta tashi, za ta je da ƙafafunta. In idon akwatin ya sake yin ja a daren Asabar, kada kowa ya damu, kuma kowa zai san yatsan wa ya taɓa. Mata goma sha huɗu sun ba da suna za su tura ta. Mu da muke ɗaga tsofaffin ƙasar nan daga gado zuwa banɗaki kullum, ƙaramar mota ba za ta gagare mu ba.

Za a raba dafaffiyar alkama da zuma, da burodi mai kitso, da kyandir da tawul ga kowane mai rakiya, kamar yadda ake yi wa mamaci na kirki. Duk matar da ta taɓa ganina ina miƙa ambulan a matakala, ta zo ta tsaya a gaba. Duk wanda motarsa ta rasu ana saura kaɗan ya gama biya, ya zo, ko da lema kawai aka ba shi. Lauyar ƙungiyar ma'aikata ta ce za ta halarta, ta ce kada a taɓa akwatin nan, tana son ganinsa a inda yake.

Ba a karɓar furanni ko kuɗin ta'aziyya. Abu biyu ake karɓa, kuma daga hannun mutum ɗaya: takardar mota da sunan Agafia Rotaru a kai, da kuɗin Zinaida na wata biyu a ambulan.

Genadi, kai ne babban mai makoki, an ajiye maka wuri a gaba. Ka sa baƙar riga. Zan tsaya a ƙofarka da tsohuwar rigata ta sanyi, in danna sau ɗaya a gaban kowa. Dunƙulen ƙarfe ba ya amsawa. In ta yi shiru, zan durƙusa in nemi gafararka, in hau tudu da ƙafa har ƙarshen wata. In ta amsa, ka fito da biro.