Muzurun Idi

Ba zan taɓa mantawa da hutun da na yi a gida Tamaske ba, ina shekara ta biyu a makarantar kiwon dabbobi. Lokacin kaina ya kumbura. Ko akuya ta yi atishawa sai na yi bayani da Faransanci.

Na tarar da Inna Hajo, yayar mahaifiyata, zaune gindin rumbu tana hawaye. Muzurunta ne ya mutu da safen nan. Ɗanta Idi ne ya tsinto shi yana ƙarami, kafin ya tafi bida, wato neman kuɗi, Abijan. Shekara shida Idi na ce mata a waya, "Saura kaɗan in komo, Inna," har Allah Ya yi masa rasuwa a can. Dabbar nan kaɗai ya bar mata.

Da na yi mata jaje na kama bakina, da shi ke nan. Ina! Sai na tuna malaminmu ya ce a ƙasashen waje ana cire maniyyin muzuru ko bayan ya mutu, a daskarar da shi, a sa wa mussa, ta haihu.

"Inna, bar kuka," na ce, gaban mata wajen goma. "Ni zan kawo miki ɗiyanshi."

"Ɗana, ana yin haka?"

"To mi muke karantawa can?" (Darasin minti biyar ne, rabinsa kuma ina gyangyaɗi.)

Na sa reza na cire 'ya'yan marainan, na ƙulle a leda, na cusa cikin tarmos ɗin kununta da ƙanƙara. Na kama hanyar makaranta, mota ta lalace kafin Tawa. Sai da na kwana biyu a hanya, ga zafin bazara.

Malam na buɗewa ya ja da baya yana toshe hanci. "Mu da ko na shanu da kyar muke adanawa, ka kawo mini ruɓaɓɓen muzuru?" Aji ya kwashe da dariya. Har yau Likitan Mussa suke kirana.

Wannan ma da sauƙi. Kowace Juma'a sai Inna ta kira: "Ta ɗauki ciki?" Ni kuma in ce, "Saura kaɗan, Inna."

Bayan wata biyar na samo wani ɗan mussa wajen masu albasa a Madawa, fari mai baƙin kunne kamar wancan, na kai mata. Ta ɗora shi a cinya, ta daɗe tana shafa shi.

"Wanga ba jininshi ba ne," ta ce a hankali. "Na gane tun ran da ka hwara ce mini saura kaɗan. Na san wagga magana, ɗana."

Wallahi gara ta mare ni. Na durƙusa gabanta, ƙato da ni, ina kuka, ita ce ma take ba ni haƙuri.

Ta riƙe ɗan mussar har ta rasu. Tun daga nan, in na je jaje, "Allah Ya ba da haƙuri" kawai nake faɗa, in samu wuri in zauna. Tarmos ɗin ma ban taɓa iya mayar mata ba.