Gawon Nazifi

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina fitowa a fim, yau kaka, gobe mai sayar da daddawa. Ban shiga ajin kowa na koya ba, da ido na ɗauka. Wannan da zan ba ku a gabana aka yi shi, a wani ɗakin tace finafinai da ke Kano, hawa na biyu, inda fanka ke juyawa ba ta ba kowa iska.

Fim ɗin labarin wani ƙauye ne a tsakiyar damina. Darakta Sabi'u ya ce shi ba zai kwashi mutum arba'in ya kai su daji sauro ya cinye su, ruwa ya jiƙa masa kyamara ba. Sai ya nemo wani saurayi mai suna Nazifi, wanda aka ce ya ƙware wajen gina gari da daji a cikin kwamfuta. Aka rataya mana koren ƙyalle bango guda, aka manna masa 'yan alamomi da salatif, aka ce to ga gona nan. Baba Cindo, wanda ya fito a mijina, aka miƙa masa fartanya, ya yi kwana uku yana noman siminti. Dattijo ne mai gonarsa ta gaske a wajen Ɓagwai, fim a wurinsa sana'ar rani ce. Bai yi ƙorafi ba. Dama shi sai an tambaye shi yake magana, wani lokacin ma sai an tambaya sau biyu.

Wata huɗu Nazifi yana abu ɗaya. Saura kwana shida Sallah, ranar da aka riga aka shelanta za a fara haska fim ɗin, aka kira mu da la'asar mu zo mu ga gonar.

Ba na tauye wa mutum haƙƙinsa, yaron ya yi aiki. Ga Baba Cindo a sunkuye a tsakiyar gero, geron ya kai masa kafaɗa, iska na kaɗa shi kamar gaske. Ga hadari ya taso daga gabas. Ga tsaunuka can nesa sun yi shuɗi-shuɗi. Ko inuwar fartanyar tana kwance inda ya kamata. A cikin gonar kuma, jefi-jefi har iyakar ganin ido, ga itatuwan gawo sun yi luf da ganye, kore shar.

Nazifi ya miƙe da ɗan sandansa yana nuna mana allo. Ya ce geron nan kara ɗaya tak ya ƙera, kwamfuta ta hayayyafa shi dubu ɗari uku, ta bambanta tsayinsu don kada ido ya gane. Ya ce alamomin salatif ɗin nan su ne suka gaya wa kwamfuta inda kyamara ta juya, shi ya sa gonar ba ta zamewa a ƙarƙashin ƙafar Baba. Ya ce rana ma shi ya ajiye ta, ya daidaita ta da fitilar da aka haska mu da ita ranar ɗauka. Daga ƙarshe ya ce da ya gama haɗa komai, sai ya sa shi a randa kwana tara.

Ni randar da na sani ta ruwa ce. Na tambaya. Ashe haka suke kiran lokacin da ake barin kwamfuta ta dafa hoton har ya nuna. Wai ko ganye ɗaya aka taɓa, sai an mayar da shi randar wasu kwana tara.

Darakta sai murmushi yake yi. Ya juya ya ce, "Baba, ya ka ga gonarka?"

Baba Cindo ya ci gaba da kallon allo.

"Baba, na ce ya ka gani?"

"Ta yi kyau," in ji Baba. "Wane wata ne a cikin fim ɗin?"

"Agusta mana. Ba ka ga hadari ba?"

"Na gani. Wancan itacen fa?"

Nazifi ya karɓe zancen da saurinsa. "Gawo ne, Baba. Kuma ba zane ba ne. Da ƙafata na je hanyar Dawakin Tofa na sami itacen gaske, na zagaye shi na ɗauki hotonsa sau ɗari takwas, na tashi ɗan jirgin nan mai kyamara ya ɗauko min samansa. Kwamfuta ta haɗa hotunan ta fitar da shi yadda yake. Ko ƙaya ɗaya ban ƙara masa ba."

"Yaushe ka je?"

"Fabrairu."

Baba ya gyaɗa kai, ya ce, "Ai kuwa haka yake a Fabrairu."

Darakta ya dubi Baba, ya dube ni. Ya ce, "Gwaggo, me ake ciki?"

Na ce masa duk itacen duniya da damina yake fitar da ganye, ban da gawo. Shi ruwa na sauka yake kakkaɓe nasa ya tsaya tsirara, sai an gama girbi ya yi sabuwar riga. Don haka ma ake barinsa a tsakiyar gona, ba ya yi wa gero inuwa. Na ce a hoton nan, ƙasa tana Agusta, itatuwa suna Fabrairu.

Darakta ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Ya tambayi Nazifi gawo nawa ne a ciki. Nazifi ya ce ɗari huɗu da goma sha biyu. Ya tambaye shi ko za a iya zage musu ganye kafin Sallah. Nazifi ya ce zage ganyen aikin rabin yini ne, amma da ganye ya tafi inuwa ta tafi, da inuwa ta tafi hasken gonar gaba ɗaya ya canja, sai an koma randa.

"Kwana tara," in ji Darakta.

"Kwana tara, in wuta ta tsaya."

Nazifi ya dubi gawon da ke allo. Ya san in fim ɗin nan ya wuce Sallah, sunansa za a kira, kuma ba mai sake ba shi ko bukka ya gina. Sai ya gyara tsayuwa ya ɗaga murya kaɗan.

"Yallaɓai, a bar shi haka kawai. Wallahi ba wanda zai lura. Baba, ka yi haƙuri, amma abin nan ai sai wanda ya taɓa shiga gona ne zai gane."

Baba Cindo ya ɗauki sandarsa ya miƙe a hankali.

"Ashe ba damuwa, ɗana. Sai ku kalli abinku ku biyu, kai da kwamfutar."