Rasuwar Inna Tsaya, Mai Gadin Gudun Inji

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, Alfred na unguwar Bagadaza, mai kula da babban inji a wani kamfanin matsar man gyaɗa a nan Gombe, yake sanar da rasuwar abokiyar aikinsa ta shekara goma sha tara, wadda ma'aikata suka fi sani da Inna Tsaya.

Marigayiyar na'ura ce da ba ta wuce tafin hannu ba, tana maƙale a gefen inji. Aikinta ɗaya ne: in gudun inji ya wuce kima, sai ta ce "ƙas!", ta datse masa mai, komai ya tsaya cak. Ba ta san hutun Sallah ba, ba ta san na Kirsimeti ba. Ba ta kuma jin kunyar kowa, ko da manaja ne a tsaye.

Ciwon ajalinta ya faro ne da kakar gyaɗa. Sau uku ta tsayar da aiki a mako guda, ga motoci sun yi layi a bakin ƙofa. Manaja ya ce, "Alfred, tsufa ne ke damunta. Ɗaure mata baki, bayan kaka ma duba ta." Alfred ya san ba ta taɓa yin ƙarya ba. Duk da haka ya samo waya ya ɗaure ta da hannunsa, har ya ƙara murɗewa da filaya.

Ranar Alhamis da hantsi muryar inji ta sauya, ta yi ta hawa kamar kururuwa a gidan mutuwa. Daga bakin ƙofa Alfred ya jiyo marigayiyar tana kokawa da waya: ƙis, ƙis, ƙis. Kafin ya ƙarasa, babban faifan ƙarfen inji ya tarwatse. Wani ɓangare ya fasa bango, ya sami Dokas, mai tsintar gyaɗa, a ƙugu.

Marigayiyar ta bar inji a kwance, da ma'aikata arba'in zaune a gida, da Dokas tana dogara sanda. Ta kuma bar Alfred, wanda har yau in ɗan acaɓa ya ƙure gudu a titin Nasarawo, sai ya tsaya yana jiran "ƙas" ɗin da ba ya zuwa. A coci ma yakan ji ƙis ɗin nan a ƙarƙashin waƙa. Da ya je duba Dokas, cewa ta yi, "Baban Christy, share hawayenka. Tsohuwar ce ta gaza, ba kai ba." Ya sunkuyar da kai.

Ba za a ba 'yan gwangwan gawar ba. Za a binne ta ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a bayan ɗakin inji. Daga nan za a wuce unguwar Madaki, gidan Dokas, inda Alfred zai zauna a ƙasa, a gabanta da gaban 'ya'yanta, ya faɗi wanda ya ɗaura wayar. Ana roƙon masu ta'aziyya su dakata a waje har ya gama.