Ranar da Giwa Ta Fita Yawo da Ni

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa daga ka, har sunayen jikokina sai na jero uku kafin in faɗo kan na wanda nake kira. Amma akwai wata ranar Asabar a Kaduna da ba zan taɓa mantawa da ita ba, kuma ko na yi niyyar mantawa akwai waɗanda ba za su bar ni ba.

A shekarun alif ɗari tara da hamsin ne, kafin Turawa su tafi. Ina da shekara ashirin da bakwai, ina aikin kafinta a wurin wani Bakano, Malam Sule, wanda duk muke kira Maigida. Shagon nasa doguwar rumfar kwano ce a kan tudu, ƙofarta tana kallon wani gangare da ya sauka har titi. Lokacin gwamnati na ta buɗe ofisoshi, kowane ofis kuwa yana son tebur da kujera da kabad. Aiki ya yi mana yawa, har Maigida ya sayo wani tsohon injin fere katako mai aiki da lantarki. Ƙarfe ne zalla, don haka muka sa masa suna Giwa.

Giwa tana aiki, amma ta zo da wahalarta. Shagon ba faɗi, saboda haka duk ranar da za a fere dogon katako sai an jawo ta kusa da ƙofa don katakon ya sami wurin fita, da yamma kuma a mayar da ita. Ƙarti shida ke wannan aiki, da sanduna da bututun ƙarfe a ƙarƙashi, ana nishi ana zagin wanda ya ƙera ta.

Ni ne na ce a yi mata ƙafa. Na je wurin 'yan gwangwan na samo ƙafafun ƙarfe huɗu na wata tsohuwar kurar ɗaukar kaya, na haɗa musu gado da katakon maɗaci mai kauri, na ɗaure da noti. Da ƙyar Maigida ya yarda aka ɗaga Giwa aka ɗora ta a kai. Sai ga shi mutum ɗaya yana tura abin da shida suke kokawa da shi. (Wannan gaskiya ne, kuma ina so a rubuta mini shi, don daga nan ba sauran abin yabo a labarin.)

Akwai wani dattijo Basakkwace a shagon, Baba Ilu, wanda ya fi kowa daɗewa da zarto a hannu. Ya zagaya gadon nan sau biyu, sannan ya dube ni.

"Ka yi ƙoƙari, yaro," in ji shi. "To in ta tashi tahiya, mi ka tsai da ta?"

Na ce, "Baba, injin da ya gagari mutum shida ne zai tashi tafiya da kansa?"

Sai ya ɗauki guntayen katako ya sassaƙa waigi huɗu, ya cusa ɗaya a gaban kowace ƙafa. Maigida kuma ya kafa doka: ba mai cire waigin nan sai yana tsaye a wurin.

Daga ranar abokan aiki suka fara kirana Injiniya. Su da tsokana suke yi, ni kuwa na karɓa hannu biyu.

A wannan lokacin ina neman auren wata yarinya a Kurmin Mashi, sunanta Hauwa. Idan na je zance, maimakon in yi maganar da ta kai ni, sai in yi ta ba ta labarin Giwa. Ina ɗan ƙara gishiri. Ita ta gaya wa innarta, innarta ta gaya wa matan gida, kafin labarin ya isa kunnen baffanta ya zama ni na ƙera injin tun daga tushe, kuma mai shagon ba ya yanke komai sai ya tambaye ni. Da Hauwa ta maimaita mini haka, wallahi na buɗe baki zan gyara, sai na ji labarin ya fi nawa daɗi, na rufe bakina.

Baffan nata, Malam Garba, shi ne waliyyinta, kuma akawu ne a wani ofishin gwamnati. Da manyana suka kai maganar aure, ya ce shi ba ya aiki da an ce. Zai zo da ƙafarsa ya ga sana'ar yaron, in ta gamshe shi a sa rana, in ba ta gamshe shi ba akwai wani malamin makaranta da ya daɗe yana aiko gaisuwa.

Nan na zauna na yi dabara. Na ji Maigida yana cewa ranar Asabar zai tafi Rigachikun sunan ɗan ƙaninsa. Ma'aikatan gwamnati kuwa rabin wuni suke yi ranar Asabar. Sai na aika wa Malam Garba cewa Asabar bayan azahar ta fi dacewa, don a sauran ranaku ayyuka sun yi mini yawa.

Ranar na zo aiki da farar babbar rigata ta Sallah. (Kafinta da babbar riga a tsakiyar garin katako. Ku dai yi mini shiru.) Na raba wa abokan aiki goro, na roƙe su su riƙa ce mini Injiniya ba tare da dariya ba. Baba Ilu ya karɓi nasa ya ɓare, ya ce goro dai ya ci, amma bai yi alkawarin komai ba. Sannan na durƙusa na ɗura wa ƙafafun Giwa giris har yana ɗiga.

Bayan azahar sai ga Malam Garba a kan sabon keke, baƙi wuluk yana ƙyalli, alƙalami biyu a aljihun gaba. Ya jingine keken a jikin wani mangwaro da ke ƙasan gangaren, daidai saitin ƙofa, ya ciro hankici ya goge sirdin, sannan ya hawo. Na tare shi na zube ƙasa.

"Baba, barka da zuwa. An sha rana."

"Tashi, samari. Nuna mini abin da na zo gani."

Na zagaya da shi. Na nuna tebura, ya ce, "To." Na nuna kabad, ya ja ƙofar ya mayar, ya ce, "To." Abokan aiki suna ta "Injiniya, a duba wannan," "Injiniya, haka ya yi?" amma fuskar mutumin nan ko motsi. A zuciyata ina ganin malamin makarantar nan yana matsowa kusa da Hauwa. Da muka iso gaban Giwa ya tsaya.

"Wannan ne aka ce mutum ɗaya yana turawa?"

Na ce, "Baba, ba mutum ɗaya ba, yatsa ɗaya."

Na zare wayar lantarki, na sa ƙafa na ture waigi na farko, na biyu, na uku. Ina kan na huɗu Baba Ilu ya yi gyaran murya.

"Maigida ya hana."

Na juya na ce masa, da wata murya da ban san ina da ita ba, "Baba Ilu, koma kan aikinka."

Ya dube ni ya ce, "To, Injiniya." Ya ja kujerar da yake gyarawa daga hanya, ya zauna a kai.

Na sa ɗan alina na tura. Giwa ta motsa a hankali, ko ƙara babu. Na saci kallon Malam Garba na ga girarsa ɗaya ta ɗaga. Da ina da hankali da nan na mayar da waigi na ɗauki nasarata na tafi gida. Sai na ce bari in nuna masa har mutum tana ɗauka. Na dafe gefen gadon da ƙafa ɗaya, na tokari ƙasa da ɗayar, na haye.

Abin da ban taɓa lura da shi ba a shekara huɗu da na yi a shagon shi ne, magina sun karkata daɓen simintin zuwa ƙofa don ruwan da kwano ke yoyowa ya riƙa fita. Ido ba ya gani, amma ƙafar ƙarfe da ta ƙoshi da giris ta gani. Giwa ta fara sauri. Na yunƙura zan dira, sai na ji an fizgo ni ta ƙasa: gefen babbar rigata ya naɗe a ƙafar baya, kowane juyi yana cin taƙi guda. Ban ankara ba na tsinci kaina a durƙushe, na rungume injin kamar ɗan da ya ga uwarsa.

A haka na wuce ta gaban Malam Garba. Idanunmu suka haɗu. Har yau ban san abin da ya sa ba, amma sai na ji bakina ya ce, "Sannu, Baba."

Ya ce, "Yauwa, sauka lafiya."

Muka fita ƙofa, muka hau gangare. Wata mai tallar gyaɗa ta yi gefe guda, farantinta ya yi wani gefen. Rigar tawa ta yi ta kecewa har ta rabu da ni gaba ɗaya, ban da zagayen wuyan mai aiki, wanda ya tsaya mini kamar sarƙa. Giwa ba ta tsaya ba sai da ta matse keken nan a jikin mangwaro. Ni kuwa na wuce ta samanta na faɗa tsibin garin katakon da muke zubarwa a bakin kwata, wanda ruwan jiya ya jiƙa.

Da na ɗago na kakkaɓe ido, abin da na fara gani takalma ne guda biyu da na sani sarai. Maigida ne, da ƙunshin naman suna a hannu. (Duk dabarar da na ƙulla, ban tuna cewa da sassafe ake raɗa suna ba. Mutumin ya ci abincinsa ya hau motar farko ya dawo.)

Malam Garba ya sauko a nitse. Bai dubi keken ba tukuna. Ya yi wa Maigida sallama, suka gaisa har da tambayar iyali, ina zaune a tsakaninsu da singileti mai huda uku. Sannan Malam Garba ya ce, "Malam, ko kai ne mataimakin Injiniya?"

Maigida ya dube ni tun daga ƙafa har ka.

"Ni ne, ranka ya daɗe," in ji shi. "Ni nake share masa shago."

Da ƙasa ta tsage a lokacin da na gode mata. Suka koma gindin mangwaron suna magana ƙasa-ƙasa, mu kuma muka shiga aikin mayar da Giwa. Mutum goma sha ɗaya muka yi, har da masu wucewa, Baba Ilu yana biye da mu da waiginsa yana cusawa a bayan ƙafa duk taku biyu. Injin ko ƙwarzane bai yi ba. Keken kuwa ƙafarsa ta gaba ta naɗe kamar tabarma.

Na ce zan kai shi wurin mai gyara. Malam Garba ya ce a'a, a fara kai shi gida mutanen gida su gani, don kada a ce shi ma ya ƙara gishiri. Haka na ɗora keke a ka, ya shiga gaba ina bin sa, tun daga cikin gari har Kurmin Mashi. Bai bar mutum ɗaya da ya sani ba tare da ya tsaya sun gaisa ba. Duk wanda ya tambayi abin da ya sami keken sai ya ce, "Tambayi Injiniya, ga shi nan." Da muka isa na sauke a ƙofar zaure, na hango Hauwa ta leƙo ta koma. Jim kaɗan na ji dariya ta tashi a cikin gida, tun daga ta yara har ta tsofaffi.

Mako biyu ban ji komai ba. Maigida bai kore ni ba, amma ya mayar da ni goge ƙafar kujera. Na kai keken aka miƙar da shi. Na kuma je na durƙusa na ba Baba Ilu haƙuri, shi ne ma ya nuna mini yadda za mu sa wa gadon dogayen noti huɗu, waɗanda in an murɗa su sai su taka ƙasa su ɗage ƙafafun, Giwa ta zauna daram. Ina cikin wannan aiki kawuna ya zo ya ce an aiko daga gidan Malam Garba, a je a sa rana.

Sai bayan mun haifi ɗanmu na biyu na sami ƙarfin halin tambayar Malam Garba abin da ya sa ya ba ni Hauwa.

Ya ce, "Maigidanka ya ce hannunka na da kyau, kanka ne ya kumbura, kuma na ga an sace kumburin a gabana. Sannan na yi tunani, mijin da na taɓa gani a wannan hali ba zai iya ɗaga wa 'yata murya ba har ya mutu, don ya san tana da labarin da za ta bayar."

Bai yi kuskure ba. Shekara arba'in da wani abu muka yi da Hauwa, duk ranar da na fara ɗaga kafaɗa sai ta sunkuyar da kai cikin ladabi ta ce, "Sannu, Baba," magana ta mutu. Abin da na koya dai bai taka kara ya karya ba: ban daina cika baki ba, Allah ya sani, amma yanzu ina fara duba ko mai shagon ya tafi da nisa, kuma ina sa 'yar shara, ba babbar riga ba.