Yadda Nomau Ya Ceci Madubina

Wallahi da idona na gani, ba labari aka ba ni ba. Wanda ya ƙaryata ya zo shagona in aske shi da dakusasshiyar aska.

Nomau maƙwabcina ne, ya haura arba'in. Su uku ne a gidan: shi, da matarsa Talatu mai ƙosai, da tsohuwarsa Iya Kande, wadda ta ce tun yana ƙarami in ka ce ya riƙe abu, sai ka dawo ka ce ya saki. Ni kuwa aski nake yi, kuma kaf garin nan babu madubi irin nawa. Tsayinsa ya kai ƙofa. A rungume mahaifina ya taho da shi daga Ikko. Ranar da ya fashe, shagona ya mutu.

Wata rana 'yan fim suka zo daga birni, suka ɗauki Nomau dakon kaya. Daraktansu Sagir ya ce a shagona za a yi wurin da mugu zai jefi madubi da dutse. Na ce ya je ya jefi na gidansu. Sai Rumasa'u, mai haɗa musu fim a kwamfuta, ta ce, "Baba, hannu kawai zai ɗaga. Ni zan fasa shi a nan ciki." Ta ɗauki hoton madubin, ta danna wani abu, sai ga shi ya tarwatse a fuskar kwamfutar. Na waiwaya bango, nawa na nan lafiya. Nomau ya ruga ya ɗauko tsintsiya. Ta yi dariya ta ce, "To Malam Nomau, sai ka share mana." Ta tafi salla. Da ta dawo ta tarar ya kife kwamfutar yana girgizawa a kan faranti, madannai uku sun zube. Ya ce, "Hajiya, gilasan sun maƙale, amma waɗannan sun fito."

Wata rana kuma Rumasa'u ta ce hoton ya yi, saura ƙara. "Malam Nomau, samo mini ƙarar fashewar gilashi mai daɗi." Ya tafi gida, ya sauke kofunan gilashin da Talatu ta jera tun aurensu, ya dinga rotsawa ɗaya bayan ɗaya yana saurare. Ya dawo hannu rabbana.
Rumasa'u ta ce, "Ina ƙarar?"
Ya ce, "Na huɗun ya fi daɗi." Ya gyara tsayuwa ya ce, "Tasss."
Bai rufe baki ba Talatu ta iso da muciya. Ta ce, "Malam, zo ka ji na bakwai, a ƙeyarka zai yi."

Wata rana, ana gobe za a ɗauki wurin jifan, hankalina ya ƙi kwanciya. Sagir ya ce, "Baba, ka sha kuruminka. Nomau, ga amana, ko ƙuda kada ya taɓa madubin nan." Washegari muka buɗe shago, bango wayam. Ashe da Nomau ya ga ƙudajen shagona sun fi ƙarfinsa, sai ya sauke madubin, ya naɗe shi a gidan sauro, ya kai rumbun Iya Kande ya liƙe.
Sagir ya ce, "Je ka ɗauko."
Nomau ya ce, "Akwai ƙuda a hanya, Oga."
Aka yi juyin duniya, ya zauna a bakin rumbu ya ƙi motsi. Rumasa'u ta ce, "Ku ƙyale shi, ina da hoton. Ku rataya koren ƙyalle a wurin, zan ɗora madubin a kai in fasa." Aka aro koren zanen Iya Kande aka rataya.

Mai fitowa a mugu ya zo yana huci, ya ɗaga hannu da dutse kamar yadda aka ce. Tafinsa duk gumi. Dutsen ya suɓuce, ya daki tsakiyar zanen, ya huda bango, ya fita ta baya ya kashe zakaran liman. Na zauna a kujerar aski.

Fim ya fito, madubina ya tarwatse a ciki har mata na salati, ni kuwa kullum da safe ina goge shi. Na saya wa Talatu kofuna shida. Nomau kuma aski kyauta har ƙarshen raina, shi da 'ya'yan da Allah zai ba shi, kuma ba na salla ban sa shi a addu'a ba.

Zakaran liman dai ni na ƙara shi a labarin. Yana nan da ransa, shi ya tashe ni yau.