Yadda Za Ka Ci Ƙwan Surukarka Ka Ɗora wa Damo

Bi matakan nan, na yi maka alkawari za ka ci wainar ƙwai kullum a gidan surukai ba mai ce maka kanzil. Crispín, ɗan Asunción, babban birnin ƙasarmu, da aiki ya ƙwace masa ya tare gidan uwar matarsa a ƙauyenmu, da matakan nan ya ajiye tumbi.

1. San wanda za ka yi wa ƙazafi
Teju, damon nan namu mai zanen baƙi da fari. Raminsa na bakin daji, bayan akurki. Ba ya zaɓe: 'ya'yan itace, ɓera, mushe, ga ƙwai da yake so kamar ransa. Wanda sunansa ya riga ya ɓaci ba a nema masa shaidu.

2. Shirya wurin
Watsa ɓawon ƙwan a bakin ramin. Ja igiya a ƙasa ta bar sawun wutsiya. Goge bakinka.

3. Riga kowa fushi
Crispín yakan fito da adda yana huci: "Inna, yau ko ni ko shi!" Surukarsa Inna Delfina, wadda da ƙwan take yin burodin rogo na sayarwa, sai ta ce, "Sannu ɗana, kar dai ka ji ciwo."

4. Zuba ilimi
In ɓarnar ta yi yawa, ka ce macen tejun ce ta zuba ƙwai talatin a sheƙa tana gadi. "Mai jego ce, Inna, ina za ta ƙoshi?" Masana sun ce ƙarya in ta sha ilimi ta fi daɗewa.

5. Rabu da kalanda
Nan gwanin ya ƙure basira. Ran nan cikin Yuli, tsakiyar hunturun ƙasarmu, sanyi na kaɗa haƙora, ya kawo ɓawo shida a hula.

"Crispín," in ji tsohuwar, "teju tun Mayu ya shige rami yana barci, ba ya leƙowa sai Satumba. Ko kajin nan sun sani."

"To... wataƙila ya farka ne, Inna."

"Wataƙila. Kai ma farka ka haɗa kayanka."

Matarsa Eulalia ta riƙe masa jaka har bakin titi. Ta ajiye, ta koma ciki. Ni kam ya ba ni tausayi.

Gargaɗi: duk abin da ya same ka, ba ruwana, ban san ka ba. Kar ka nufo ni da jaka. Ni ma a gidan surukata nake, kuma sanyi ya kusa.